Ƙwayar idon ɓera da binciken sikizofireniya

Ɓera ba ya cewa yana jin muryoyi, shi ya sa masu binciken sikizofireniya, wato ciwon taɓin hankali da mai shi kan ji muryoyin da babu su, suke neman alamar da za su iya aunawa. Ƙwayar ido, wato ɗigon da ke tsakiyar ido, tana cikin masu sauƙi. Jijiyoyi iri biyu ke jan ta. Masu tsuke ta suna tasowa daga cibiyar Edinger-Westphal a ƙwaƙwalwa, suna aiki da asetilkolin, sinadarin da jijiya ke aika saƙo da shi. Masu buɗe ta suna biyowa ta wuya, su kuma sinadarinsu noradirenalin ne. Wannan tsarin ne kuma ke riƙe da bugun zuciya, wanda a babban ɓeran gwaji yakan kai 300 zuwa 400 a minti.

Ana samar da ɓeran gwajin, wato mai alamun da suka yi kama da na cutar, ta hanyar ba shi maganin ketamin ko sinadarin MK-801, ko a yi wa uwar allurar wani sinadari mai suna MAM a rana ta 17 ta ciki. A Szeged ta ƙasar Hangari an haɗa ketamin da keɓe ɓera shi kaɗai da zaɓen iri, aka samu ɓerayen Wisket.

Ɗalibin da zai gwada wannan a Kumasi ko Accra ya bar dabbar cikin duhu tukuna, ya ɗauki ido da kyamarar infirared mai ɗaukar hoto cikin duhu, ya haska fitila na ɗan lokaci, ya auna jinkirin tsukewa da zurfinta da saurin sake buɗewa. Tsukewa aikin asetilkolin ne. Sake buɗewa kuwa jijiyoyin duka biyun na da hannu a ciki, kada a ɗora ta kan ɗaya.

Yawancin ɓarna a ɗakin gwaji take faruwa. Ɓeran gwaji irin Wistar zabiya ne, idonsa ja, manhaja takan rasa gefen ƙwayar, sai an bi hotunan da hannu. Maganin zailazin da ake haɗawa da ketamin wajen sa barci yana buɗe ƙwayar. Mofin, maganin kashe zafi, shi ma buɗe ta yake yi a ɓera, alhali a mutum tsuke ta yake. Kulozafin, maganin sikizofireniya, yana toshe asetilkolin, to ina amfanin kwatanta ɓeran da ya sha shi da wanda bai sha ba, a ce cuta ce?

Lokacin hunturu idon ɓeran da ke barci yakan bushe nan da nan ya yi hazo. A riƙa ɗiga ruwan gishirin asibiti, a riƙe zafin jiki kusa da digiri 37. Sai dumsor, wato yawan ɗaukewar lantarki a Gana: wuta ta ɗauke, janareta ya tashi, hasken fitila ya canza. A sa fitilar kan batir, a auna haskenta kowace safiya, kuma a yi gwajin a sa'a ɗaya kullum.