Ku Duba Wuƙar Inji Kafin Ku Zargi Ƙarfen

Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda muke kira sitenles, yana ɗauke da aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na sinadarin karomiyam, kuma nau'in 304 da aka fi yin teburan kicin da tankuna da shi yana da kusan kashi 18 na karomiyam da kashi 8 na nikel. Halinsa shi ne yana ƙara tauri a duk wurin da aka matsa shi, don haka wuƙar da ta dakushe ba ta yanka shi, sai dai ta danne shi ta yage, ta bar gefensa da ƙaya mai tsaga hannu.

Lokacin da nake sabon hannu a wata masana'anta, na daɗe ina ɗora laifin wannan ƙaya a kan dillalin da ke kawo mana kaya, ina sa yara su goge gefen falle ɗaya bayan ɗaya, alhali wuƙar injin ce ta yi giɓi. Abin da ya kamata in lura da shi tun farko shi ne tabon yana dawowa a tazara iri ɗaya. Wuƙa mai juyawa, mai siffar faifai, da faɗinta daga gefe zuwa gefe ya kai milimita 300 takan bar alamar giɓinta kusan duk bayan milimita 942, wato tsawon zagayenta, kuma aibin da ya zo daga jikin ƙarfe ba ya bin tsawon zagayen wuƙarku. Saboda haka ku ɗauki tef ku auna tsakanin tabo da tabo kafin ku buɗe baki.

Ku koyi karanta gefen da aka yanka. Yanka mai kyau yana nuna siririn layi mai sheƙi a sama, sannan ɓangare mai duhu inda ƙarfen ya karye, kuma iyakar da ke tsakaninsu a miƙe take. Idan tazarar da ke tsakanin wuƙar sama da ta ƙasa ta yi yawa, bakin zai lanƙwashe ƙayar ta yi tsawo, idan kuwa ta matse fiye da kima, wuƙar za ta yi saurin cinyewa, wani lokaci ma ta ɓalle. Wannan tazara tana bin kaurin falle ne, kuma ganganci ne a canza kauri ba a sake saita ta ba.

Gogewa tana ɓoye aibin ne kawai, domin ƙananan tsagar da wuƙar ta bari suna iya buɗewa idan aka zo lanƙwasa fallen, ƙayar kuma tana karce sauran fallayen da aka jera a kansa. Haka nan wuƙar da aka yanka baƙin ƙarfe da ita, idan ba a share ta ba, takan bar ɓurɓushi a bakin sitenles, bayan 'yan makonni mai kaya ya dawo yana nuna ɗigon tsatsa yana cewa an sayar masa da jabu. Da zarar kun ga alamar farko, ku tsayar da inji ku sanar da maigidanku, a cire wuƙar a kai ta wasa ko a sauya ta, ko da kuwa aiki ya taru.