Maki ɗaya kacal aka ba inji

Hukumar rajistar motoci ta Birtaniya, wato DVLA, ta yi shekaru, har zuwa 2025, tana amfani da wani lissafi wajen tantance ko motar da aka yi wa gagarumin sauyi za ta ci gaba da riƙe lambarta ta asali. A wancan lissafin, shasin da ba a taɓa shi ba yana da maki 5, giya da sitiyari kowanne maki 2, inji kuwa maki 1, kuma sai mota ta haɗa maki 8, ciki har da na shasin. Na fahimci hikimar hakan, domin jami'i yana buƙatar abin da zai iya dubawa ya rubuta, amma zuciyata ba ta taɓa kwanciya da matsayin da aka ba inji ba.

A ɗauki Volkswagen Beetle, wadda aka ƙera fiye da miliyan 21 kafin a dakatar da ita a Meziko a 2003. Injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba, kuma wanda ya san ta yakan gane ƙararta tun kafin ta ɓullo. Idan aka sake mata fenti, aka yi waldar inda tsatsa ta ci, aka sa sabon birki ko bel na kujera, ba ta rasa komai ba, kulawa ce aka yi mata, kuma ba zan taɓa zargin wanda ya kare ransa da na iyalinsa ba. Amma da zarar an cire injin nan an cusa batura don ta koma motar lantarki, nauyinta ya sauya wuri, ƙarar ta ɓace, hannun direba ya daina neman giya, to sai dai a ce wata sabuwar mota ce ta ari rigar tsohuwa. Ƙungiyar FIVA, mai kula da motocin tarihi a duniya, ta bayyana a 2019 cewa ba ta ɗaukar irin wannan a matsayin motar tarihi, kuma ina tare da ita.

Motocin Kyuba ne suke sa ni sassauta murya. Chevrolet da Ford na shekarun 1950 da ke yawo a Havana da yawansu injin dizal na wasu motoci ne a cikinsu, saboda takunkumin Amurka ya toshe hanyar kayan gyara. Larura ce ta kawo wannan sauyi, kuma bayan shekaru sittin shi kansa ya zama tarihin motar.

Wanda yake da zaɓi kuwa, abin da nake roƙonsa shi ne kada ya yanka shasi, kuma duk abin da ya kwance ya shafa masa mai ya adana shi tare da notinsa, domin wanda motar za ta koma hannunsa ya iya mayar da shi inda yake.