Godiya ga Allah da duk wanda ya tsaya min

Alhamdulillah, jiya sakamakon ƙarshe ya fito daga ɗakin gwaji, ba ciwon daji ba ne. Ƴan uwa da abokan arziki da kuka yi ta kira kuna tambayar wai wace tiyata aka min ina ta kauce-kauce, yau dai zan faɗa, kunya ce ta hana ni.

Wata huɗu da suka wuce ina wanka na ji wani ɗan ƙullutu mai tauri a marainata ta dama, ba ciwo ba zafi, na yi shiru da bakina kusan wata biyu, dare ya yi in kasa barci ina ta lissafin ciwon daji da yarana. Uwargida ce ta gane akwai abin da ke cina, ta matsa har na faɗa mata, washegari ita ta raka ni asibiti. Maman yara, Allah Ya biya ki da Aljanna, wallahi ban da bakin gode miki.

Da aka yi sikanin, likita ya juyo min da allon ya ce in duba, abin zobe-zobe ne kamar an yanka albasa, kuma jini ba ya shiga cikinsa. Ya ce ya fi zaton efidamoyid sist ce, wata ƴar jaka da ke tara keratin, sinadarin da ke yin gashi da farce, ba ta yaɗuwa, kuma ba ta wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na ƙarin da ke fitowa a maraina, an fi ganinta a masu shekara 20 zuwa 40. Gwajin jini na AFP da hCG, masu nuna alamar ciwon daji, duk lafiya lau, amma ya ce hoto kaɗai ba ya yanke hukunci sai an ciro an duba.

Abin da ba zan manta ba, bai yi gaggawar cire marainar gaba ɗaya ba. Ta gefen mara suka yanka, suka ciro ƙullutun kawai, aka duba shi nan take ina kan gadon tiyata, da suka ga ba mugun ƙari ba ne suka bar min abina. Likita, da nas-nas ɗin da suka kula da ni ba tare da sun sa na ji nauyi ba, na gode ƙwarai.

Hajiya, na san kwana kika yi kan sallaya. Yaya, kai da ka riƙe min yara sati guda, Allah Ya bar zumunci, Ya ba duk marasa lafiya sauƙi.