Ramin kebur daban, na tiyo daban: gyaran akwatin wuta da ruwa a motar tafi-da-gidanka

Duk wanda ya sayi motar tafi-da-gidanka ta hannu a Amurka, kafin ya tsaya yaba kujeru da kicin, ya durƙusa a gefen direba ya buɗe akwatin ƙasa inda kebur ɗin wuta da tiyon ruwa suke fita. Ya bi kebur ɗin da hannu tun daga rami har inda ya shige akwatin canjin wuta, wato na'urar da ke zaɓa wa motar tsakanin wutar zango, inda irin waɗannan motoci ke sauka, da ta janareto. A motoci da yawa wuta da ruwa kowanne da akwatinsa. Tawa a haɗe suke, kuma wanda ya riƙe ta kafin ni ya yanka rami ɗaya tak a daɓen akwatin, ko roba bai sa wa bakinsa ba. Ta nan kebur mai amp 50, tiyon ruwan sha da tiyon wanke tankin bayi duk suke cusuwa.

Abin da ya ci min kuɗi ɗigon ruwa ne, wanda ko cokali ba zai cika ba a awa guda. An ɗaura tiyon kai tsaye a bakin shigar ruwa, babu gwiwa, wato lanƙwasasshiyar mahaɗa, ga matatar ruwa a rataye a jikinsa. Nauyin ya karkatar da mahaɗar, robar ciki ta lotse gefe ɗaya, ruwa ya soma tsatsafa. Daidai ƙarƙashin wurin akwai ƙugiya da aka saƙala kebur a kai, daga ƙugiyar kuma kebur ɗin ya gangara ya shiga akwatin canjin wuta ta sama. Ruwa yana bin kebur kamar yadda yake bin igiyar shanya ranar damina, ya tafi har inda gangaren ya ƙare. A nan gangaren ya ƙare ne a kan notinan da ke riƙe da wayoyi. Ga shi babu maƙalin da ke riƙe kebur ɗin a bakin akwatin, saboda haka duk lokacin da aka ja shi waje, notinan ne suke ɗaukar nauyin. Danshi ya mayar da jan ƙarfen kore, fizgar kebur ta sassauta noti, wurin ya riƙa ɗaukar zafi, har farar waya ta ƙone ta rabu.

Da baƙa ce ko ja ta ƙone, da rabin motar ne kawai zai rasa wuta. Amma farar ce, nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Kebur mai amp 50 wayoyi 4 ne a ciki: baƙa da ja masu ɗauke da wuta, fara ta nutural, koriya ta at, wato wayar ƙasa. Kowace daga cikin biyun farko volt 120 take bayarwa idan an auna ta da farar, tsakaninsu kuwa volt 240 ne. Kayan cikin motar kusan duka na volt 120 ne, an raba su gida biyu. Da zarar farar ta tsinke, sai gidajen biyu su raba 240 ɗin nan tsakaninsu gwargwadon lodin kowa: ɓangaren da ke da manyan kaya a kunne wutarsa ta yi ƙasa, mai ƙaramin lodi tasa ta haura har ta doshi 200. Cikin ƙiftawar ido na rasa na'urar cajin batir, talabijin, da allon sarrafa na'urar sanyaya ɗaki ta gaba. Har yau idan na tuna cewa robar tiyo ce ta jawo wannan, wadda ake sayar da ita goma-goma a leda, raina sai ya ɓaci.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ina da na'urar kariya, irin wadda ake soka wa a turken wutar zango, wato sandar da ke ɗauke da soket, mai yanke wuta idan ta sauka ƙasa da volt 104 ko ta haura 132. Ba ta yi laifi ba. Abin da ke zuwa daga turke take gani, kuma wutar turken lafiya lau take. Matsalar da ta faru a bayanta, cikin mota, ba ta da hanyar sani. Shi ya sa yanzu na sa ta dindindin bayan akwatin canjin wuta, inda za ta kama matsalar zango, ta janareto, da ta akwatin kansa.

Ga yadda na sake aikin, rami ɗaya na kebur, ɗaya na tiyo. Kafin a taɓa komai a cire fulogi daga turke, a kashe janareto tare da hana shi tashi da kansa, a kashe inbata, sannan a gwada da mita a tabbatar babu wuta. Inbata ne ake yawan mantawa da shi.

Awon rami da kan fulogi ake yi. Kaurin kebur mai amp 50 wajen inci 1 ne, amma kan fulogin mai maɗauki ya kusa inci 4, kuma shi ne zai fara wucewa. Murfin da ake sayarwa don kebur mai amp 30 ba zai ɗauke shi ba. Na sayi zagayayyen murfi mai zare na inci 6 daga masu kayan kwale-kwale, na yanka masa tsaga mai siffar U, faɗin inci 1 da kwata, daga gefe zuwa kusa da tsakiya. A zango ana buɗe murfin, a zura fulogi, a mayar da murfin kebur yana cikin tsagar. Na tafiya kuma akwai murfi na biyu da ban yanka ba. Na ramin ruwa na inci 4 ya wadatar, domin mahaɗar tiyon ba ta kai inci 2 ba. Wanda yake zuwa jihohin sanyi da tiyo mai ɗumama kansa ya auna kullutun da ke kusa da bakinsa tukuna, ya fi mahaɗar kauri, kuma yana da tasa wayar da za ta bi ta ramin.

Kada a sa zarto sai an kwanta ƙarƙashin motar da tocila. A nan akwai ƙarfen shasi, bututun gas, tiyoyin man jak, damin wayoyi, wani lokaci gefen tanki, ga salansar janareto wadda kebur bai kamata ya kusance ta ba. Na huda ɗan rami na inci 1/8 a tsakiyar inda nake so, na zura guntun waya, na koma ƙasa na ga inda ta ɓullo, na auna inci 4 kowane gefe. Sai da na matsa ramin wutar kusan inci 3 saboda wani ƙarfe da ke gicciye wanda ba a ganinsa daga sama. Bayan yanka, a goge bakin da magagari, a shafa fenti a inda ƙarfe ya fito fili. Idan daɓen katako ne a tsakanin fallen gwangwani, a cika gefen da gam mai hana ruwa, in ba haka ba ruwan titi zai kumbura katakon. Murfin na zaunar da shi a kan tef ɗin butil mai hana ruwa, na ɗaure da sukurori marasa tsatsa. Tsohon ramin na toshe shi da fallen alminiyam. Da na duba rigar tsohon kebur a inda take gogar bakinsa, har ta yi kanta ta fara tsagewa.

Ramukan biyu na nisanta su iyakar abin da akwatin ya bari, na wuta can gaba, na ruwa can baya, na kafa bango na fallen roba mai kaurin inci kwata a tsakani, daga daɓe har sama da bakin shigar ruwa. A ɓangaren ruwa na huda magudana ta rabin inci a kusurwar da ta fi gangare, na rufe ta da raga.

Sai kebur ɗin kansa, inda ɓarnar ta auku. Sabon akwatin canjin wuta na juya shi yadda kebur zai shiga ta ƙasa, na toshe ramin saman. Kafin ya shiga, na bar masa lanƙwasa da ta sauka ƙasa da bakin akwatin da kamar inci 4 sannan ta hau, ta yadda duk ruwan da ya biyo shi zai ɗiga daga gindin lanƙwasar, domin ruwa ba ya hawa. Da an yi wannan lanƙwasar tun farko, da mahaɗar za ta shekara tana yoyo ba abin da zai sami wayoyin. A bakin akwatin na sa maƙali mai matse rigar kebur, sannan maƙalai biyu masu roba a ciki a jikin bango, tazarar kamar ƙafa ɗaya, don idan an fizgi kebur daga waje bango ya ji, notina su huta. Kar a karya shi kwana mai kaifi, wayoyi 3 masu kaurin lamba 6 da guda mai lamba 8 ba sa son haka. A ba shi da'ira mai faɗi, ko da za ta ci wuri. Notinan kuwa a matse su da sifana mai auna ƙarfi, daidai adadin da aka rubuta a murfin akwatin. Wayar mai silli-silli ce, tana kwantawa bayan an matse, saboda haka a girgiza ta a sake matsewa.

Ƙafa 30 na wannan kebur ya kai wajen kilo 10, kuma da sanyi yana sandarewa. Akwai sha'awar a zaro ƙafa 10 kawai idan turke na kusa, a bar saura a naɗe. Idan na'urorin sanyi biyu da tukunyar ruwan zafi za su yi aiki tare, na fi son a warware shi duka a shimfiɗa a inuwar ƙarƙashin mota, domin naɗaɗɗen kebur a rufaffen akwati ba ya samun iskar da zai huce. Motar amp 30 iyakarta wat 3,600, ta amp 50 kuwa 12,000, zafin ba ɗaya ba ne.

A ɓangaren ruwa, abu na farko gwiwar tagulla ce a bakin shiga, don tiyo ya sauka miƙe zuwa raminsa ba tare da ya ja mahaɗar ba. Mai rage ƙarfin ruwa a bakin famfon zango ake ɗaura shi, don ya kare har tiyon, ni ina barinsa tsakanin 45 da 50 a ma'auninsa. Matatar ruwa kuma ko dai a ajiye ta ƙasa a waje, ko a ɗaure ta a bango da maƙalinta, amma kada ta sake rataya a jikin komai. Mahaɗar tiyo da roba take toshewa, naɗa farin tef a zaren ba ya hana ta yoyo, kuma matse ta da filaya yana tsinka robar ne kawai. Hannu ya isa. Ina ajiye ledar robobi a maƙale a ƙofar akwatin, duk wadda ta lotse a jefar. Gwajina mai sauƙi ne: bayan an buɗe famfo, a naɗa busasshiyar takardar goge hannu a kowace mahaɗa, a dawo bayan minti 15. Ido ba ya ganin irin ɗigon da ya ƙona min waya, takarda tana nunawa.

Tiyon wanke tankin bayi ba ya bin ramin ruwan sha. Launinsa daban, bokitinsa daban, kuma ta ramin babban tiyon ƙazanta yake fita. Shi babban inci 3 ne, kunnuwan mahaɗarsa sun haura inci 4, raminsa na asali na bar shi yadda yake. Tiyon sha idan an naɗe a haɗa bakunansa biyu da juna kafin a ajiye.

Ɓera gibin inci kwata ya ishe shi, kuma kebur da tiyo su ne tsaninsa. Gibin da ya rage a tsagar murfi ina toshe shi da guntun soson roba mai tauri da na tsaga ya rungumi kebur. A kewayen bututu da sauran kafofi ragar jan ƙarfe nake cusawa, ita ba ta tsatsa kamar soson ƙarfe, amma ba na sa ta a jikin kebur, domin girgiza za ta sa ta ci rigarsa. Kumfar feshi ɓera cinye ta yake yi.

Wajen jonawa, wuta nake fara gamawa da busasshen hannu: makunnin turke a kashe, a duba soket ko ya yi baƙi ko ya sake, a soka fulogi har ƙarshe, sannan a kunna. Ruwan sha ya biyo, na ƙazanta ya zo ƙarshe. Wajen tashi kuma makunnin turke ake fara kashewa kafin a zare fulogi, don kada tartsatsi ya ci haƙoransa. Idan manyan kaya sun yi awa guda suna aiki, ina ɗora bayan hannu a kan fulogi da murfin akwatin canjin wuta. Ɗumi kaɗan ba komai, amma idan hannu ya kasa zama ko an ji ƙaurin roba, a kashe daga turke nan take. Farkon kowace kakar tafiya kuma ina kashe komai, in buɗe murfin in sake bin notinan da sifana, farar waya ce ta farko.