Asabar, ranar suyar alkaki

Yau tun kafin a kira assalatu idona biyu, alkakin nan ne kawai a raina. Saura kwana 9 a kai garar autarmu, kuma na ce da bakina ba za mu sayi na kasuwa ba, da hannunmu za mu yi mata kamar yadda aka yi min. Jiya da la'asar muka kwaɓa alkama mudu 4 ni da Gwaggo, alkamar 'yar Kadawa ce da Yaya ya taho mana da ita daga Kura, aka kai inji aka ɓarzo ta, ɓarza fa ba niƙa ba, don in ta yi laushi kamar fulawa to sunan alkaki kawai za ki ci. Muka murje ta da mai sosai, muka zuba nono mai tsami da ɗan yis, muka lulluɓe robar da bargo saboda sanyin hunturun nan ba ya barin ƙulli ya tashi.

Da safe ina buɗewa ƙanshin tsamin ya bugo ni, na ce Alhamdulillahi. Gwaggo ta jiƙa kanwa ungurnu ta tace, tana zubawa kaɗan kaɗan tana ɗanɗanawa a harshe, ita ba ruwanta da cokalin awo. Na naɗa guda 6 na gwaji na saka a mai, wallahi ina tsaye suka watse, man ya cika da ɓurɓushi, gabana ya faɗi don mudu 4 ba wasa ba ne a tsadar nan. Har hawaye sun taru min. Gwaggo ko motsi ba ta yi daga tabarmarta ba, ta ce "Ke 'yar nan, ɗauko min garin busasshiyar kuɓewa, kuma ki rage wutar nan, alkaki ba ƙosai ba ne." Ta barbaɗa, muka juye a turmi aka ɗan kirɓa har ya yi danƙo, ta mulmula ɗaya siriri a bayan tire ta lanƙwasa shi ta haɗe bakin da babban yatsa, sai ga shi ya zauna daram a cikin mai yana ja a hankali. Hannun nan nata duk ya yamutse amma ya fi nawa sauri sau biyu, na daɗe ina kallonsa.

Ruwan sugan ni na dafa, na matse lemon tsami 3 a ciki don kar ya koma ya daskare a jikin alkakin, na jefa kanumfari kaɗan. In kin ɗiga a yatsa kin buɗe ya ja zare to ya yi. Da zafinsa ake tsomawa, a barshi ya sha har ciki sannan a tsame a kwando.

Masu tayamu aiki kuma ba za a barsu da zaƙi ba, dama na jiƙa shinkafar tuwo tun jiya na markaɗa, don haka da azahar na ɗora tanda na yi waina, Umma ta haɗa miyar taushe da kabewa da gyaɗa da alayyahu da 'yar yakuwa, ƙashin saniya ya dahu luguf, daddawar ta fito. Ba a bar ko ɗaya ba, har almajirinmu ya ƙara.

Sai bayan magariba muka sauke kaskon ƙarshe, bokiti 2 cif da rabi. Amarya ta shigo ta ɗau ɗaya ta gutsura, suga ya biyo gefen bakinta, kawai sai ta fashe da kuka ta kwanta a kafaɗar Gwaggo, ni ma na kasa tsayawa na fita tsakar gida.

Bayana kamar zai ɓalle, ga ƙunar mai a wuyan hannu na shafa zuma. Gobe in Allah ya kaimu dubulan da cincin, sai na tura a ƙaro ƙwai kiret 1 da sassafe, nakiya kuwa Gwaggo ta ce sai Talata in masu daka sun zo.