Kayan Fara Haƙar Kirifto: Abin da Nake Faɗa wa Masu Shigowa Shagona a Sakkwato

Sana'ata gyaran kwamfuta da sayar da kayanta, sababbi da tokumbo, a wani ɗan shago da ke kan titin Sarki Yahaya a Sakkwato, inda nake aiki da yara biyu masu koyon aiki. Tun shekarar 2024, lokacin da matasa suka duƙufa ga taɓa fuskar waya a Notcoin da Hamster Kombat, da wuya mako ya wuce ba a samu wanda ya shigo yana tambayar kayan mayinin na gaskiya, wato haƙar kuɗin kirifto, ba. Nakan fara da bayyana masa cewa wancan na waya rabon tukuici ne, wayar ba ta yin wani lissafi, amma haƙa ta ainihi na'ura ce ke shan wuta dare da rana tana aikin lissafin da ke tsare littafin cinikin kuɗin, a biya ta da ɗan abin da ya samu.

Wanda ya ambaci Bitcoin nakan ce ya ajiye wannan batu, domin tun 2013 injunan da aka ƙera don wannan aiki kaɗai, waɗanda ake kira ASIC, suka kori kwamfutar gida daga fagen. Ethereum kuwa ya daina amfani da masu haƙa a ranar 15 ga Satumba, 2022. Abin da ya rage wa mai ƙaramin ƙarfi shi ne ƙananan kuɗaɗen, irin su Monero da Ravencoin da Ergo, kuma a nan ma ina ɗaukar abin a matsayin sha'awa da neman ilimi, ba hanyar ciyar da gida ba.

Kafin maganar kowace na'ura, takarda da biro nake ɗaukowa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin wutar rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, kuma ko da yake an ɗan taɓa farashin daga baya, da wannan adadi nake yi wa mutane lissafi saboda sauƙinsa. Kwamfutar da ke jan wat 100 tana cin yunit 2.4 a kwana guda, wato naira 540, sama da dubu goma sha shida a wata. Idan aka ɗora mata katin hoto, wato katin da ke sarrafa hotuna a kwamfuta wanda shi ma ake haƙa da shi, har ta kai wat 200, kuɗin ya ninka. Tsohon injin Antminer L3+ na 2017, wanda ke haƙar Litecoin da Dogecoin, wat 800 yake ja, ke nan naira 4,320 kullum, ban da ƙararsa wadda ba za ta bar mutanen gida su runtsa ba. Janareta kuwa ba ya cikin lissafi sam, don duk wanda ya zuba fetur domin haƙa ya san asara ya saya. Saboda haka abu na farko da nake sayar wa mai farawa shi ne ƙaramar mitar nan da ake soka wa a soket, mai nuna wat nawa na'ura ke ja, domin adadin da aka rubuta a kwali da abin da ake ja a bango ba su cika zama ɗaya ba.

Ga wanda ya ji wannan lissafi bai karaya ba, shawarata ita ce Monero. Tun ƙarshen Nuwamban 2019 yake aiki da tsarin RandomX, wanda aka tsara shi da gangan domin ya dace da furosesar kwamfuta ta gama-gari. Tsarin yana buƙatar ram da ta ɗan wuce gigabait biyu, kuma kowane layin aiki yana son megabait biyu na ma'ajiyar cikin furosesa da ake kira L3. Wannan ne dalilin da ya sa nake nemo wa mutane Ryzen 5 3600 na hannu: yana da megabait 32 na wannan ma'ajiya, an ƙayyade shi a wat 65, kuma ya tsufa har farashinsa ya sauko. Nakan haɗa shi da madabod mai sauƙin kuɗi ta B450 da ram sanda biyu maimakon ɗaya, domin sanda biyu sun fi gudu a wannan aiki. Manhajar XMRig, wadda ake haƙar da ita, kyauta ce, sai dai a ɗauko ta daga shafin masu ita, saboda ɓarayi na cusa irinta a kwamfutocin mutane a ɓoye, abin da ya sa manhajojin tsaro ke yi mata kallon cuta.

Ba na ɓoye wa kowa ƙanƙantar abin da ake samu. Monero yana fitar da 0.6 a kowane bulo, wato kowane sabon shafi na littafin cinikin, bulo ɗaya kuma kusan duk minti biyu, wato kimanin 432 a kwana, kuma duniya baki ɗaya ke rabon wannan. Mai kwamfuta guda dole ya shiga gayya da wasu, a haɗa ƙarfi a raba gwargwadon aikin kowa. A tawa kwamfutar ta gwaji, yawancin watanni abin da ta tara bai kai kuɗin wutar da za ta ci a farashin Band A ba. Abin da ya sa duk da haka nake fifita ta shi ne, ranar da mutum ya gaji, yana da cikakkiyar kwamfuta a hannunsa, wadda zai yi aikin zane ko buga takardu da ita, ko ya dawo mini da ita in saya. Injin ASIC kuwa, idan kuɗin da yake haƙa ya faɗi, ba shi da wani aiki na biyu. Masu katin hoto da ke haƙar kuɗin Kaspa sun ga ɗaya gefen wannan hatsari a 2023, lokacin da injunan ASIC suka shigo suka mamaye rabon.

Katin hoto shi ne mataki na biyu, kuma a nan ake yawan cutar mutane. Bayan rufewar haƙar Ethereum, katunan da suka yi shekaru suna aiki ba hutu suka cika kasuwa, har suka iso mana ta Legas da Kano. Watannin baya wani ɗalibin jami'a ya kawo mini RX 580 mai gigabait takwas da ya saya a intanet, yana cewa, "Malam, mai shi ya rantse mini wata uku kawai ya yi amfani da shi." Na ce, "To, ƙanena, bari mu buɗe mu gani." Da na kwance kusoshi huɗun baya, man sanyaya da ke kan furosesar katin ya bushe yana farfashewa kamar busasshen laka, ƙananan katifun da ke kan ma'ajiyar sun yi gumin maiko, fanka ɗaya kuma tana girgiza idan aka juya ta da yatsa. Mun saka sabon mai, mun canja fanka, katin ya tashi, amma kuɗin gyaran ya cinye arhar da ya yi murna da ita. Yanzu ba na karɓar kati sai na duba shi da manhajar GPU-Z, domin akwai wani nau'i mai suna RX 580 2048SP wanda ƙarfinsa bai kai na asalin ba, sannan in bar shi yana aiki mai nauyi na awa guda ina kallon zafinsa. A yanayinmu na fi son GTX 1660 Super, mai wat 125, a kan RX 580 mai wat 185.

Wuri ɗaya da ba na yarda a yi tsumulmula shi ne akwatin rarraba wuta na cikin kwamfuta. Na taɓa ɗaukar wani maras suna saboda arha, kuma na ba allon da ake ɗora katin hoto a kai wuta ta siririyar wayar da ake kira SATA, wadda ba a yi ta don ta ɗauki fiye da wat 54 ba, alhali katin yana iya jan 75 ta wannan hanya. Da la'asar wani yaron shagona ya ji ƙauri, muka tarar da bakin wayar ya narke ya yi baƙi. Allah ya kiyaye muna nan. Tun daga ranar nake amfani da waya mai fil shida, da akwatin da ke da shaidar rashin ɓarnar wuta ta 80 Plus, kuma ba na ɗora masa fiye da kashi saba'in na ƙarfinsa.

Sai zafi da ƙura, waɗanda masu ba da shawara daga Turai ba sa sakawa a lissafinsu. A Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, na'urar da ke shaƙar irin wannan iska kuwa takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. A lokacin hunturu kuma, mako biyu sun isa ƙura ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya, sai an bi su da bulowa da burushi mai laushi. Nakan rage wa kati wutar da yake ja, in bar gefen akwati a buɗe, in ɗaga shi daga ƙasa.

Waɗanda na ga abin ya yi musu daɗi su ne masu sola a gida. Idan batir ya cika wajen hantsi, ƙarfin ranar da ke biyo baya yakan tafi a banza, kuma shi ne ya dace a ba kwamfutar har zuwa la'asar, a kashe ta kafin ta fara cin batir, domin batirin ya fi duk abin da za ta haƙo tsada. Haka tawa take aiki a bayan shago, awa shida zuwa bakwai a yini. Kalmomin sirri 25 da ke buɗe lalitar Monero ɗina kuma a takarda na rubuta su, suna gida cikin akwatin da nake ajiye takardun shago.