Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har yarinyarmu ta saba da gadonta

Alhamdulillahi. Yarinyarmu yanzu tana kwana a gadonta a rigingine, ta farka ta sha nono ta koma barci, ba sai an rungume ta a zaune har asuba ba. Wanda bai yi renon jariri mai yawan tumbiɗi ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Waɗanda suka yi sun san abin da nake nufi, kuma har da su nake wannan rubutu, ban da mutanen da nake son in gode wa a bainar jama'a.

Tun kafin ta cika wata biyu abin ya fara. Tana gama sha sai nonon ya dawo, in an kwantar da ita ta banƙare tana tsala kuka, in an ɗauke ta a kafaɗa ta yi luf. A ƙirjin mutum kaɗai take barci, mu kuma idonmu biyu.

Godiyata ta farko ga likitar yara da ta duba ta. Likita, Allah ya saka miki da alheri, domin ba ki sallame mu da "za ta daina" kawai ba, kin zauna kin yi mana bayani. Kin ce a ƙarshen bututun da abinci ke bi zuwa ciki akwai wata tsoka da ke rufe bakin cikin, a jarirai kuwa ba ta gama ƙwari ba, kamar zariyar da ba a tsuke sosai ba. Ga shi abincinsu ruwa ne zalla, kuma a kwance suke wuni. Kin ce kusan jarirai 4 cikin 10 suna yin haka, abin ya fi tsanani wajen wata 4, kuma kimanin 9 cikin 10 suna bari kafin su cika shekara 1. Da na ji haka sai hankalina ya ɗan kwanta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne amsarki da na ce, "Likita, in na kwantar da ita a rigingine ba za ta ƙware ba?" Sai kika ɗauki takarda kika zana mini. In jariri yana rigingine, hanyar iska ce a sama, bututun abinci a ƙasa, don haka abin da ya dawo yakan taru a ƙasa ya haɗiye shi ko ya tofar. In yana ruf da ciki lamarin ya juye, abin da ya dawo ya fi samun hanyar gangarawa cikin hanyar iska, ga kuma haɗarin mutuwar jarirai ta ba zato a cikin barci. Na tambaye ki batun ɗaga kan katifa ko sa matashi, wanda kusan kowa ya ba ni shawararsa, kika hana kai tsaye. Kin ce jariri yakan zame ƙasa, haɓarsa ta danne ƙirji, numfashi ya takura, kuma tumbiɗin bai raguwa. Kin gaya mini a 2022 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta sake jaddada cewa shimfiɗar da karkatarta ta wuce digiri 10 ba ta da aminci ga barcin jariri, ko da mai tumbiɗi ne, a shekarar ce kuma Amurka ta yi dokar hana sayar da irin waɗannan gadajen masu gangara. Katifa mai tauri, a miƙe, da zanin gado da ya kama ta tam, ba matashi, ba bargo mai laushi, ba kayan wasa. A ganina wannan ce babbar kyautar da aka yi mana a duk wannan lamari, domin uwar da ta gaji takan karɓi kowace dabara.

Na gode kuma da ba ki yi gaggawar rubuta maganin rage tsamin ciki ba. Kin duba nauyinta, kin ga yana ƙaruwa, kin ce yaron da ke girma lafiya ba ya bukatarsa don tumbiɗi kawai. Kin kuma lissafa mana abin da in mun gani mu dawo nan take: amai kore ko mai jini, amai mai feshi da ƙarfi, kumburin ciki, zazzaɓi, ƙin shan nono, ko nauyi ya tsaya. Na rubuta su a nan ne don wata uwa ta gani.

Sai ma'aikaciyar jinya da ke yi mana awo. Ita ce ta gyara mana tsarin dare. Ta ce a rage yawan abin da take sha a lokaci guda, a ƙara yawan lokutan, a sa ta yi gyatsa a tsakiya da ƙarshe, sannan a riƙe ta a tsaye na minti 20 zuwa 30. Dabarar da ta fi yi mana aiki ita ce mayar da shan nono farkon shirin kwanciya. A canza mata kunzugu tun kafin ta sha don kada a ɗaga ƙafafunta ciki cike, ta sha, a riƙe ta a tsaye cikin ɗaki mai ƙarancin haske, kafin lokacin kwanciya ya yi cikin ya lafa. Sista, na gode da haƙurinki da tambayoyina.

Yaya, ke kika koya mini yadda ake ajiye ta. A kwantar da ita tana lumshe ido amma ba ta yi nisa ba, ɗuwawu su fara taɓa katifa kafin kai, a bar tafin hannu a ƙirjinta har ta saki jiki. In ta yi kuka a ɗauka a lallashe ta, a sake mayarwa, ko sau nawa ne. Kin ce mu fara da barcin farko na dare kaɗai, sauran zai biyo baya, kuma haka aka yi. Akwai waɗanda suka ce mu bar ta ta yi ta kuka har ta gaji. Ban karɓa ba, don yaron da maƙogwaronsa ke zafi ba rigima yake yi ba, ke ma kika goya mini baya.

Mama, Allah ya ƙara girma da lafiya. Na san a zamaninku an fi jin tsoron rigingine, kuma ranki bai so ba da farko. Amma kin saurari bayanin likita, daga ranar kuma ke ce mai cire duk wani matashi da aka kusantar da gadon.

Maigidana, kai ka raba dare biyu, ka ɗauki rabi alhali aiki na jiranka da safe. Kai ka kafa mana doka cewa babu mai zama da ita a kujerar falo in gyangyaɗi ya fara, domin barci da jariri a kan kujera yana cikin mafi haɗarin abin da ake yi. Duk wanda ya ji idonsa na rufewa ya tashi ɗan'uwansa, ko ya ajiye ta a gadonta ko da za ta yi kuka. Allah ya bar mu tare, ya saka maka da mafificin alheri.

Ga masu tambaya ko ta koma nata ɗakin: a'a, gadonta na gefen namu, kuma a nan zai zauna aƙalla har ta wuce wata 6 kamar yadda likitoci suke shawara. Tumbiɗin bai ƙare gaba ɗaya ba, amma ya ragu sosai tun da ta fara zama. Duk wanda ya kira, ya yi mana addu'a, ko ya zo ya riƙe ta don in runtsa, Allah ya biya shi, ya raya masa zuriya.